YARON DA YA SHIGO AJI A TSAKIYAR SHEKARA: YADDA ZA MU KARƁE SHI

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san ranar dashe. Ba a ciro tumatir daga wurin reno da tsakar rana. Sai an fara jiƙa ƙasar, a ciro shi da 'yar ƙasarsa a jikin saiwa, a dasa da yamma sa'ad da rana ta yi sanyi, a ba shi ruwa nan da nan. Ko an yi duk wannan, zai yi kwana biyu ko uku yana yaushi. Mai lambu ba ya cewa irin ne ba shi da kyau, gama ya sani saiwa ce ba ta kama ba tukuna.

Mun kawo wannan misali domin wata magana da ta shafi makarantun firamare na ƙauyukan da muke zagayawa. A kowace shekara akwai yaran da ake cirowa daga wata makaranta a kawo su wata bayan karatu ya yi nisa. Waɗansu sukan kama su ci gaba. Waɗansu kuwa sukan zo kwana kaɗan, sa'an nan a daina ganinsu, ba wanda ya tambaya. Abin da muka gani shi ne, mako biyu na farko su ne suke yanke wannan shari'a. Abubuwan da ake bukata a cikin mako biyun nan kuma yawancinsu ba na kuɗi ba ne. Saboda haka muna so malamai, da iyaye, da shugabannin gari su karanta wannan magana tare.

ME KE KAWO YARA A TSAKIYAR SHEKARA?

Shekarar karatu a Nijeriya takan fara a watan Satumba ta ƙare a watan Yuli, kuma an raba ta zango uku. Amma bukatar gida ba ta jiran Satumba. Akan canja wa uba wurin aiki, ko shi ɗan sanda ne, ko malamin asibiti, ko malamin makaranta. Uwa takan rasu, ko aure ya mutu, a kai yara riƙo wurin kaka ko gwaggo. Manomi yakan gama girbi ya kwashe iyalinsa zuwa inda ya sami ƙasar noma. Makiyaya sukan tashi da rani neman ruwa da ciyawa. Ko da yake gwamnati ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a shekarar 1989, ba kowace ruga ce take da makaranta kusa ba, don haka 'ya'yansu sukan zo namu.

Akwai kuma waɗanda masifa ta koro. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun tashi garuruwa da yawa a bakin kogin Binuwai da na Kwara. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabas, rikicin 'yan bindiga da na gonaki kuma ya tashi ƙauyuka da dama a waɗansu jihohi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara 9, wato 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Yaro bai rasa wannan hakki don ya iso a watan Janairu ba. Mukan ji ana cewa yaran da ba sa makaranta a ƙasar nan sun wuce miliyan 10. Mu tuna, ba dukansu ne ba a taɓa kai su ba. Akwai waɗanda aka kai har ƙofar aji, amma ba su sami wurin zama a ciki ba.

ABIN DA YA FARU DA MU

Ba za mu ba wani shawara ba sai mun fara faɗin namu kuskuren. A shekarar 2014 ba mu daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, muna koyarwa a wani ƙauye kusa da Yola. A shekarar nan ne Madagali da Michika suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, a ƙarshen Oktoba kuma Mubi ta bi. Waɗanda suka gudu daga Michika zuwa Mubi suka sāke gudu zuwa Yola. Gidan da yake da mutum goma ya koma yana da talatin.

Wata safiya wani dattijo ya kawo mana ɗan ƙanensa, yaro mai shekara kamar 11. Ya ce, "Malam, ga ɗanku nan. A can aji biyar yake." Ba takarda, ba littafi, ba kayan makaranta. Benci ya cika, sai muka nuna masa ƙasa a bakin ƙofa. Domin mu san ko gaskiya aji biyar yake, muka kira shi gaban allo muka ba shi littafin Turanci ya karanta. Ya kama kalma biyu ya tsaya. Da ya buɗe baki zai ba da hanzari, Hausarsa ta fito da karin harshensu, aji ya fashe da dariya. Nan take, a gaban kowa, muka ce a kai shi aji uku. Kafin a tashi tara yara sun sa masa suna "ɗan gudun hijira".

Ya zo kwana huɗu, ba mu ƙara ganinsa ba. Aiki ya yi mana yawa, sai da aka yi mako uku kafin mu je nemansa. Muka same shi yana tura kurar ruwa. Muna tsaye ya lissafa wa mai gidansa kuɗin jarka goma sha biyu da canji, da ka, kafin mu da muke malamai mu gama. Muka ce ya dawo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai ba ni da wuri a can." Bai dawo ba.

Ba mu zage shi ba, ba mu buge shi ba. Amma mun dasa shi da tsakar rana, muka ga ya yi yaushi, muka ce irin ne ba shi da kyau. Tun daga lokacin muke tambayar tsofaffin malamai yadda suke yi, muna gwadawa. Ga abin da muka tara.

KAFIN YARO YA SHIGA AJI

Idan aka kawo yaro, kada a wuce da shi aji kai tsaye. Hedimasta ya ba wanda ya kawo shi kujera, a gaisa sosai, a kira malamin ajin ya zauna tare da su. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Uban da aka karɓa a tsaye a bakin ƙofa ba zai ƙara takowa makaranta ba.

Ga abubuwan da ya kamata a tambaya a rubuta:

1. Cikakken sunan yaron, da sunan da ake kiransa a gida, da yadda ake faɗinsa daidai.
2. Shekarunsa. In babu takardar haihuwa, a kwatanta da wani abu da kowa ya sani, kamar shekarar zaɓe ko ta ambaliya.
3. Ajin da ya tsaya, da watan da ya daina zuwa makaranta. Wannan ya fi ajin muhimmanci, gama yaro yana iya cewa aji huɗu yake alhali ya shekara biyu bai riƙe fensir ba.
4. Harshen da ake yi a gida, da ko yana jin Hausa ko Turanci.
5. Lafiyarsa: ko yana da sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon ido ko na kunne.
6. Wurin wa yake zaune, wace unguwa, da lambar wayar da za a same su.

In akwai takardar canjin makaranta da katin sakamako, madalla. In babu, kada rashin takarda ya sa a mai da yaro gida. Wanda ya gudu da dare bai tsaya neman sa hannun hedimasta ba. A rubuta sunansa a rajista ran nan, maganar takarda ta biyo baya.

Haka kuma maganar kayan makaranta da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Iyalin da suka sauka jiya tunaninsu yana kan abinci da wurin kwana. A ba su lokaci, ko da zango guda ne, kuma a faɗa wa dukan malamai da monitoci cewa an ba su, domin kada wani ya kori yaron a wurin taron safe saboda rigar gida.

A SHIRYA AJIN

Idan da hali, yaron ya fara zuwa kashegari, domin malam ya sami lokacin yin magana da ajinsa. Magana gajeriya ce. "Gobe za mu yi baƙo. Sunansa wane. Daga gobe shi ɗan ajin nan ne kamar kowannenku. Wa ya taɓa zuwa garin da bai san kowa ba? Yaya ya ji?" A bar yara su amsa da kansu. Kada malam ya ba da labarin abin da ya koro iyalin. Wannan sirrinsu ne, kuma daga irin labarin nan ne sunan tsokana yake fitowa.

Sa'an nan a nemo masa wurin zama tun kafin ya iso. Mun san makarantu da yawa benci bai isa ba. Amma in waɗansu suna zaune a ƙasa, kada baƙon ya zama shi ne na bakin ƙofa ko na can baya. A sa shi a layi na biyu ko na uku, inda zai ga allo, malam kuma ya ga fuskarsa, amma ba a gaba ƙwarai inda dukan idanu za su kasance a ƙeyarsa ba.

Abu na uku, wanda muke ganin ya fi sauran amfani, shi ne a zaɓa masa abokan rakiya biyu. Ba lalle ne monita ko wanda yake zuwa na ɗaya ba. A nemi masu haƙuri, waɗanda ba su da bakin tsokana, kuma gidansu yana hanya ɗaya da nasa. Yarinya a haɗa ta da 'yan mata. Mun ce biyu domin in ɗaya bai zo ba, ɗayan yana nan. Aikinsu shi ne su nuna masa ban-ɗaki, da wurin shan ruwa, da ma'anar kowace ƙararrawa, da inda ajin yake jeruwa da safe, da ranar shara. Su zauna tare da shi lokacin tara, su taho tare su koma tare. Baƙo ko da ido makaho ne. Ƙaramin abu kamar rashin sanin inda ban-ɗaki yake, da jin kunyar tambaya, ya isa ya hana yarinya babba dawowa.

RANAR FARKO

Malam ya tarbe shi a bakin ƙofa, ya kira sunansa daidai. Malam ne zai faɗa wa aji sunan, ba a tsai da yaro a gaban allo a ce ya gabatar da kansa ba. Aji su ce masa maraba, ya zauna, a ci gaba da darasi kamar kullum. A ba shi fensir da littafin rubutu in ba shi da su. Sa'ad da ake kiran rajista ya ji sunansa a ciki.

A ranar farko kada a yi masa tambayar da zai amsa a gaban jama'a, kada a kira shi allo, kada a ba shi aikin gida mai yawa. Mai lambu ba ya zuba takin zamani ranar dashe, yakan jira saiwa ta kama, in ba haka ba taki ya ƙone shukar. In yaron ya ɗaga hannu da kansa, a kira shi. In bai ɗaga ba, a ƙyale shi yana kallo, gama kallon nan ma koyo ne.

Bulala kuwa, a ajiye ta. Yaro bai san dokar makarantar ba tukuna. Wataƙila inda ya fito ƙarfe takwas ake shiga, nan kuwa bakwai da rabi. In ya yi kuskure, a kira shi gefe a nuna masa.

Kafin a tashi, malam ya same shi shi kaɗai ya ce, "Ɗana, yaya ka ga yau? Gobe ina jiranka." Kalmomin nan kaɗan ne, amma yaro yakan kai su gida.

Bayan kwana biyu ko uku a ba shi wani ɗan aiki na aji, kamar goge allo, ko rarraba littattafai, ko ban ruwa a lambun makaranta. Wanda aka ba aiki ya san ana lissafi da shi.

YADDA ZA A SAN INDA YA TSAYA A KARATU

Gaskiya ne malam yana bukatar ya san abin da yaron ya iya. Kuskurenmu shi ne wuri da lokacin da muka gwada shi. A jira kwana uku ko huɗu, sa'an nan a zauna da shi shi kaɗai a inuwa, lokacin tara ko bayan an tashi. A ce masa, "Wannan ba jarrabawa ba ce. Ina so in san inda zan fara taimakonka."

Akwai wata hanya mai sauƙi da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, wadda daga baya aka yi aiki da ita a makarantun Jihar Borno. Kowane malami yana iya shirya irinta a takarda guda. A rubuta baƙaƙe da wasula guda goma, da kalmomi masu sauƙi guda goma, da gajerun jimloli huɗu, da ɗan labari. A fara da jimlolin. In ya karanta su ba gargada, a hau zuwa labari. In ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa kuma a sauko zuwa baƙaƙe. Haka ma lissafi: sanin lamba daga 1 zuwa 9, sa'an nan daga 10 zuwa 99, sa'an nan ɗebewa mai aro, sa'an nan rabawa. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. A gwada karatun da Hausa dabam, da Turanci dabam, a kuma yi masa lissafin da baki da kuɗin kasuwa. Da mun yi haka da yaron nan na Michika, da mun gane lissafinsa ya wuce na yawancin 'yan ajinmu.

A wannan zama kuma a gwada idonsa da kunnensa. A sa shi ya karanta abin da ke allo daga bayan aji. A yi masa magana a hankali ta bayansa a ga ko ya ji. Akwai yaran da ake cewa dakikai ne, alhali allo ne ba sa gani.

To, in an ga ya yi baya fa? Kada a yi gaggawar saukar da shi. Yaro mai shekara 12 da aka zaunar cikin 'yan shekara 7 da wuya ya jure, yarinya kuwa nan da nan za a ce ta isa talla ko aure. Ya fi kyau a bar shi kusa da tsaransa, a riƙa ba shi minti ashirin ko talatin kowace rana a kan matakin da ya tsaya. Sau da yawa malam zai tarar akwai 'yan ajin biyar ko goma da suke mataki ɗaya da shi, sai a haɗa su, kowa ya amfana. In kuwa ya zama tilas a saukar da shi, aji ɗaya ya isa, kuma hedimasta ya yi maganar da shi da iyayensa a asirce.

Wanda ya iso a Janairu ya rasa karatun mako 12 ko 13. Kada a tara masa littattafan abokansa a ce ya kwafe duka. Zai gaji, kuma ba abin da zai shiga kansa. Malam ya duba tsarin aikin zangon da ya wuce ya zaɓi abubuwa uku ko huɗu waɗanda sabon darasi ya dogara a kansu, su ne za a koya masa. A katin sakamako kuma, kada a sa masa sifiri a gwajin da aka yi kafin ya zo. A bar gurbin, a lissafa masa abin da ya zauna ya rubuta kawai.

IN BA YA JIN HARSHENMU

Ƙasarmu tana da harsuna da yawa. Yaro yana iya zuwa da Fulatanci, ko Margi, ko Kanuri, ko Tibi, Hausarsa kaɗan ce ko babu. Irin wannan yaro yakan yi makonni yana shiru. Wannan ba taurin kai ba ne, kunnensa ne yake tara kalmomi, kuma bakinsa zai buɗe da kansa. Yawanci a filin wasa yake fara buɗewa kafin aji.

A bincika a dukan makarantar ko akwai mai jin harshensa, ko da a wani aji ne, a haɗa su. Malam ya koyi gaisuwa a harshen ya gaishe shi da ita. A koya masa kalmomin bukata da fari: ruwa, ban-ɗaki, ban gane ba, ba ni da lafiya. A riƙa nuna abu da hannu, da zane, da tsakuwa da tsinke a lissafi. Kada kuma a hukunta shi don ya yi harshensu, kada a bari aji ya kwaikwayi maganarsa. Malam ya tsawata wa mai dariya na farko, ba za a yi na biyu ba.

YARON DA YA GA TASHIN HANKALI

Waɗansu yaran sun ga abin da ko babba bai kamata ya gani ba. Alamunsa su ne firgita in ƙofa ta bugu, da yawan barci a aji don ba ya samun barcin dare, da saurin faɗa, da kuka ba dalili, da ƙin rabuwa da ƙanensa ko yayarsa. Kada malam ya ce, "Ba mu labarin abin da ya faru." In yaron ya kawo maganar da kansa, a saurare shi, kada a yaɗa. Abin da ya fi taimakonsa shi ne rana ta zama kamar rana: malami ɗaya, wurin zama ɗaya, ƙararrawa a kan lokaci, da wasa, da waƙa, da zane. In yana so ya leƙa ƙanensa a aji ɗaya lokacin tara, a bar shi. Amma in aka yi wata biyu ko uku abin yana ƙaruwa, ko ya daina cin abinci, a shawarci iyaye su kai shi asibiti.

A BI SHI GIDA

Cikin makon farko ko na biyu malam ya taka zuwa gidan. Ba ƙara zai kai ba, gaisuwa zai je. Ya tafi da magana mai daɗi guda ɗaya: "Mama, 'yarki tana da kyaun rubutu." A can ne zai ga abin da ba a faɗa a ofis, wato ko akwai fitilar karatu, ko yarinyar ce take ɗebo ruwan gida kafin ta taho, ko da yunwa take zuwa. In a lokacin hunturu ne, zai ga ko tana da rigar sanyi.

Ga kuma ƙa'idar da muka sa wa kanmu tun bayan abin da ya same mu: in sabon yaro ya yi fashin kwana biyu a jere, rana ta uku ƙafarmu tana gidansu. Mako uku ya yi nisa. Kafin nan ya sami wani abin yi, kunyar dawowa kuma ta kama shi.

AIKIN IYAYE DA NA GARI

Ku iyaye, in kun san za ku tashi, ku je makaranta tun da sauran mako guda ku karɓi takardar canji da katin sakamako. Ku sa tsofaffin littattafan rubutun yaro a cikin kaya, gama su ne shaidar da ta fi kowace nuna inda ya kai. In kun sauka, kada ku ce sai sabuwar shekara, domin wata takwas a gida yana iya shafe karatun shekara guda. Ku kai shi da kanku, kada ku aika shi da maƙwabci. Ku faɗi gaskiyar ajin da yake. Da yamma ku tambaye shi, "Da wa ka zauna yau? Wa kuka yi wasa da shi?" In mako ya wuce bai iya kiran sunan kowa ba, ku je ku ga malam.

Ɗa na kowa ne. Mai unguwa ne yake fara sanin baƙin da suka sauka, sai fasto da liman. Su tambaya tun ranar farko, "Yara nawa ne? An kai su makaranta?" Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyoyin mata suna iya ajiye akwati guda a ofishin hedimasta, 'yan aji shida masu fita su riƙa barin kayan makarantarsu a ciki, a wanke a ajiye domin baƙi. A wani ƙauye mun ga iyaye sun haɗa katako, kafinta ya yi benci biyu aka ajiye musamman domin masu zuwa daga baya.

IN NAMU NE ZAI TAFI

Wata rana yaronmu ne zai zama baƙo a wani wuri. Kada mu bar shi ya tafi hannu wofi. Ban da takardar canji, malam ya rubuta 'yar wasiƙa zuwa ga malamin da zai karɓe shi: ajin da yake, matakinsa a karatu da lissafi, inda aka tsaya a kowane darasi, abin da ya fi iyawa, da maganar lafiyarsa. Ya sa lambar wayarsa a ƙasa. Yanzu da kusan kowane malami yake da waya, kiran minti biyar yana iya rage wa ɗan'uwansa malami laluben wata guda. Aji kuma su yi masa sallama, domin ya tafi da sanin cewa an yi kewarsa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Muna roƙo a karanta wannan a taron malamai da na iyaye mai zuwa, a amsa waɗannan tare:

1. Yara nawa ne suka shigo makarantarmu bayan an fara shekarar nan? Nawa ne har yanzu suke zuwa?
2. Waɗanda suka daina, wa ya je gidansu?
3. Akwai baƙin iyalai a unguwarmu da 'ya'yansu suke zaune a gida suna jiran Satumba?
4. In aka kawo yaro gobe da safe, ina zai zauna, su wa za su raka shi?

A buɗe rajista a duba, kada a amsa da ka. In an sami sunan da aka daɗe ba a amsa ba, a sa mutum biyu su je gidan cikin makon nan. Za mu yi murna mu ji yadda kuka yi sa'ad da muka zo zagaye.